Ƙafar Baba da Tankin Iska

Ni da na tashi ina kallon finafinan Indiya a bidiyon maƙwabta, na zaci ranar da muka sauka a ƙasar tun daga filin jirgi zan tarar da furanni suna zuba. Abin da ya tarbe mu zafi ne da hayaƙin motoci, sai wani ɗan duma-duma riƙe da kwali da sunan mahaifina a jiki. Da ya buɗe baki ya ce mana sannu da hanya da Hausar Kano tsantsa, saura kaɗan in yi kuka don daɗi. Da wannan gaisuwar ya saye mu.

Mu uku ne, ni da Baba da Baffa. Baba shi ne Hassan, Baffa Hussaini, tagwaye masu kama ɗaya sak, har a unguwarmu Yakasai sai mutum ya ji murya kafin ya kama suna. Rumfarsu ɗaya a kasuwar Kurmi, suna sayar da citta da kanumfari da masoro. Ciwon suga ne ya kama yatsan ƙafar Baba ta dama, ya zama gyambo ya ƙi warkewa. Likitanmu na Kano ya rubuta mana sunan asibitin da za mu, kuma bai ɓoye mana komai ba: in an yi sauri yatsa za a cire, in an yi nawa ƙafar ce za ta tafi tun daga gwiwa. Baffa lafiyarsa ƙalau, amma a gidanmu ba a taɓa yi wa ɗaya abu an bar ɗaya ba. Hula biyu ake saya, takalmi biyu, don haka tikiti ma biyu aka yanka. Ni kuwa Turanci ne ya jawo mini, don ina koyarwa a firamare. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa su biyun Inna suke kirana.

Mai kwalin sunansa Sabo, amma ya ce mu riƙa ce masa Dokta. Tsohon kansilan unguwarmu ne ya ba mu lambarsa. Tun da soja suka koma bariki, 'yan siyasa suka mai da fita neman magani kamar zuwa Kwari sayen atamfa, irin su Sabo kuma suka tsiro a bakin hanya. Ya je karatu ne, karatun ya gagara, ya koma dillalin marasa lafiya. Duk tsawon hanya daga filin jirgi yana lissafa mana manyan da ya riƙe wa jaka.

Zangonmu na farko masauki. Ya yi mana alkawarin otal, sai ga mu a gindin wani dogon bene, ɗakinmu can ƙololuwa, babu abin hawa sai matakala. Na dubi matakalar, na dubi ƙafar Baba, na ajiye jaka na fara. Ban san lokacin da na bar Hausa na koma Turanci ba, har mutane suka leƙo ta taga. Matar gidan, wata tsohuwa mai jan ɗigo a goshi, ta fito ta tsaya tana saurare. Da ta ga bandejin ƙafar Baba, sai ta shiga ta kwashe kujerun falonta na ƙasa, ta sa aka shimfiɗa wa su Baba katifu, ita ta koma kwana a ɗakin jikokinta. Har muka baro ƙasar ban iya faɗin sunanta daidai ba, Mama kawai nake ce mata.

Washegari na ce wa Sabo asibiti. Ya ce ai likitar da aka turo mu wurinta ta tafi hutu, sai mun ɗan jira, amma kafin nan akwai inda manya suke zuwa, mu je mu gani ko don buɗe ido. Muka je. Gini ne mai sheƙi, sanyi kamar cikin firji, bango duk hotunan tsofaffi suna gudu suna dariya. Wani mai farar riga da zaƙin baki ya zaunar da mu, yana faɗa Sabo yana juyawa. Wai a cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wasu zarurruka, bakin kowane da ɗan ƙulli kamar na tazuge, tsufa shi ne ƙullin yana cinyewa. Su suna auna shi a jini su gane ainihin shekarun jikinka. Sannan suna da tanki da ake shigar da mutum ya shaƙi iskar oksijin tsantsa da aka matse, ƙullin ya sake tsawo, jiki ya koma baya. In jiki ya koma baya, in ji shi, gyambo da kansa zai kama gabansa, ba wuƙa ba yanka.

Baba na jin an ce ba wuƙa ya gyara zama. Mutum ne da zai iya kama maciji da hannu, amma in ya ga allura sai gumi ya karyo masa. Ko ɗan tsiren yatsa na gwajin suga sai an yi dambe da shi, allurar suga kuwa ya rantse ba zai yi ba, abin da ya kai ƙafar ga haka ke nan. Ya tambaya ko a nan akwai allura. Aka ce sau biyu kacal za a ɗebi jini, farko da ƙarshe. Na buɗe baki zan yi magana ya ɗaga mini hannu. Aka wuce da maza ciki, aka bar ni wurin karɓar baƙi ina rubuta suna da adireshi, ina mamakin yadda ya yarda ba musu.

Da sakamakon farko ya fito, aka ce jikin Baba ya girmi shekarunsa nesa ba kusa ba. Maimakon ya damu sai ya dubi Baffa ya ce, to yau dai an raba gardama, daga yanzu a riƙa ce masa Yaya. Baffa ya ce Allah ya ƙara girma. Ni ma sai da na yi dariya.

Daga nan muka shiga zirga-zirgar tanki kullum da hantsi. Tankin dogo ne na gilashi a kwance, da ɗan gado da ake turawa ciki a rufe. Dokokinsa sun fi na makarantar kwana: ba turare, ba man shafawa, ba agogo, ba ashana, sai wata farar riga ta auduga mai ɗauri a baya, don wai iskar tana son wuta. Baba da ko shago ba ya zuwa sai ya shafa turare ya ce tsirara yake jin kansa. Kunnensa ya riƙa toshewa, aka koya masa haɗiyar yawu, ina hango shi ta gilashi yana ta haɗiya yana jan tasbihi da yatsu. Baffa ya leƙa sau ɗaya ya ja da baya. Ya ce shi ba zai shiga makara da ƙafarsa ba, ko ta gilashi ce.

Sai ya samo wa kansa wurin zama a bakin ƙofa, kan bencin wani dattijo mai shayi. Ba Hausa, ba Turanci, amma ka gan su ka rantse tare suka yi makarantar allo. Mai shayin zai miƙo citta, Baffa ya sansana ya girgiza kai, ya zaro tasa ta Kurmi daga aljihu, mutumin ya ɗanɗana har ya yi hawaye, su tuntsire da dariya. Kafin mu ankara shayin wurin ya koma da masoro da kanumfari irin namu, masu gadi suna layi.

Baba kuwa yarinta ta motsa. Kullum ya fito sai ya ce yau ya ji shekara biyu ta sauka. Ya ce in mun koma zai ɗauko tsohon kekensa ya riƙa zuwa kasuwa da shi, zai hau Dala ba tare da ya huta ba. Gaskiya na daɗe ban gan shi cikin walwala haka ba, kuma hakan yana yi mini daɗi. Amma ni ce nake wanke ƙafar kowace safiya. Ni nake ganin baƙin yana hawa daga yatsa ɗaya zuwa na kusa da shi, ni nake jin warin da bandeji ba ya iya rufewa. Na faɗa wa mai farar riga, ya ce alamar tsohon nama ne yana ba sabo wuri.

A kwanakin nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Abincinsu yaji ne da ba irin namu ba, komai da wani ganye mai ƙamshin sabulu. Na zo da kuka da daddawa, ranar da na fara kaɗa miya maƙwabta suka aiko a tambaya ko wani abu ne ya mutu a gidan. Mama ta kore su, ta kai ni saman bene ta nuna mini inda zan riƙa girki iska tana kwashewa. Ta kawo mini kuɓewa da garin shinkafa, ta tsaya tana kallon yadda nake tuƙa tuwo, ta ci loma ɗaya don kara, ta yi murmushi, ba ta ƙara ba. A saman nan da la'asar nakan zauna in kasa kunne ko zan jiyo kiran salla, sai in ji shi can nesa siriri. A Yakasai masallatai har rige-rige suke a kunnenka. Na tuna 'ya'yana da na bari wurin ƙanwata, na sha kukana na share ido na sauko da tuwo.

Ranar da na ga jan ya fara haurawa tafin ƙafa, na ce yau ko me za a yi sai na ga asibitin nan da idona. Na ɗauki hoton ƙafar a waya, na bar Baba a tanki, Baffa a benci, na tare a-daidaita-sahu. Ashe nan ne mahaifarsu, sun fi ƙuda yawa. Direban ya gane baƙuwa ce, ya yi ta zagaye da ni, sai da muka wuce wani gunki mai kan giwa karo na uku na buga masa tsawa irin wadda nake yi wa 'yan aji huɗu. Nan take hanya ta miƙe.

Likitar ba ta je hutun komai ba, tana nan, har ta yi cigiyarmu ta gaji. Dattijuwa ce mai furfura fari fat da ba ta rina ba. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta tambaye ni nawa sugansa yake a wancan wurin. Na ce ban taɓa jin sun auna ba. Ta cire tabarau ta ajiye.

Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce tankin ba ƙarya ba ne, su ma suna da shi. Yana ceton wanda hayaƙin gawayi ko na janareta ya buge, kuma yakan taimaka wa wasu gyambunan, amma bayan an cire mataccen nama, an buɗe jijiyar da ta toshe, an saukar da suga. Na tambaye ta batun ƙullin tazuge. Ta ce shi ma akwai shi, kuma yana raguwa da shekaru, sai dai awonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, mutum guda a ɗebi jininsa yau a ɗiba jibi a samu bambanci. Gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su kuma na mutane kaɗan ne, cikin ɗan lokaci.

"Ba wanda ya taɓa nuna mini mutumin da tankin ya ƙara wa kwana," in ji ta. "Amma ƙafa irin wannan na ga yadda take ƙarewa. Ki kawo shi, kada ki jira."

Na koma na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, har da ƙaryar hutu. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce Inna, likitoci kishin juna suke, kowa yana yabon rumfarsa kamar mu a Kurmi. Saura kaɗan a ɗebi jini na biyu. In sakamako ya nuna ba abin da ya canza, zai bi ni ko'ina, in kuwa ya nuna ya ragu, to kada in sake yi masa maganar wuƙa. Na juya wurin Baffa ina jiran ya sa baki, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. Wallahi ranar na ji haushinsa fiye da na Baba.

Ranar sakamako sai ka ce walima. Aka kai mu ofishin mai farar riga, aka kawo alewa, aka rataya wa Baba furanni a wuya. Aka kunna allon bango, ga wani layi ya tashi sama. Sabo yana fassara yana washe baki: jikin Alhaji ya sauke shekara goma sha biyar, ba su taɓa ganin irin wannan ba, in ya ƙara wani zagayen sai ya koma saurayi. Baba ya dube ni yana murmushi, ya ce a rubuta shi a zagaye na biyu.

Sai Baffa ya miƙe. Ya naɗe hannun rigarsa har sama da gwiwar hannu, ga filasta da auduga a manne.

"Inna, gaya wa mai farar riga jinin nan nawa ne," ya ce. "Na farko nawa, na biyu ma nawa. Hassan ko ɗigo bai bayar ba."

Ashe duk lokacin da aka kira sunan Hassan a ɗakin ɗibar jini, Baffa ne yake karɓar sandar Baba ya shiga yana ɗingishi, babbar riga ta rufe ƙafa. Wanda aka ce jikinsa ya tsufa shi ne, wanda aka ce ya koma yaro shi ne, kuma ko inuwar tankin bai taɓa shiga ba.

Sabo ya ƙi fassarawa. Ni kuwa na fassara, har da ƙari. Mai farar riga ya ce ba zai yiwu ba. Da ya ga filastar sai ya ce ai tagwaye jininsu ɗaya, abin da ya sami wannan yana samun wancan. Da na tambaye shi ta wace hanya, sai ya ce wataƙila zama kusa da ginin ma yana da nasa amfanin. Na mayar wa Baffa da Hausa, ya ce to a ba abokinsa mai shayi farar rigar, tunda a bencinsa aka yi aikin. Duk da halin da nake ciki sai da dariya ta ƙwace mini.

Baba bai yi dariya ba. Ya cire furannin ya ajiye a kan tebur.

"Ka tona ni, Hussaini. Gaban 'yata."

Baffa ya ƙara tura hannun rigar har kafaɗa. Akwai tabo biyu a damtsensa da na sha gani tun ina yarinya ban taɓa tambaya ba. Ya ce na lambar agana ne da aka yi musu suna yara a ƙofar gidan mai unguwa, ɗaya nasa ɗaya na Hassan, don ya shiga layi sau biyu. Daga ranar kowace allura shi yake karɓa, kuma bai taɓa faɗa wa ko uwarsu ba.

"Jini na ba ka aro, kuma ko gobe zan ba ka," ya ce. "Amma in suka yanke ƙafar nan, ba ni da yadda zan ara maka tawa."

Muka fito. Sabo ya biyo mu yana wai akwai wani wurin da ya fi wannan, na juyo na kalle shi, ya tsaya a inda yake, ban sake ganinsa ba. A gida Baba ya ce a zuba masa tuwonsa daban. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin sun ci a kwano biyu ba. Na zuba, ba wanda ya ci na kirki. Mama ta leƙo ta ga kwanukan, ta dube ni, na girgiza mata kai.

Da safe na tarar Baba ya shirya, ya shafa turarensa son ransa, ya ce in kira abin hawa. Bai ce wa Baffa ya zo ba, bai ce kada ya zo ba, shi kuwa ya shigo ya zauna a gefe. A asibiti likitar ta duba ƙafar da kanta, ta ce an makara amma ba a makara duka ba, yanzu za a ɗebi jini a sa ruwa. Nas ta shigo da tire. Na ga gumi ya tsattsafo wa Baba a goshi. Ya naɗe hannun riga da kansa, ya waiga ya hango Baffa tsaye a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Tsayuwar me kake yi a nan? Zo ka riƙe ni mana."

Baffa ya zo ya rungume kansa a ƙirji, ya rufe masa ido da tafin hannu. Dattijo mai jikoki ya yi ƙara kamar an yanka shi, nas ta tsorata, ni ina dariya hawaye yana zuba.

Yatsu biyu aka cire, aka buɗe jijiyar, aka koya mini yi masa allurar suga, wadda har yau sai Baffa yana kusa ake yi. Da wurin ya fara kyau, likitar ta sa aka riƙa shigar da shi tankinsu don naman ya haɗe da wuri. Baba ya tambaye ta ta bakina ko wannan yana rage shekaru. Ta ce a'a, gyambo kawai ya sani. Ya ce to madalla, shi ma yanzu abin da ya sani ke nan.

Ranar da za mu taho, mai shayi ya zo har gida da ƙullin ganyen shayi, Baffa ya juye masa sauran cittarsa. Mama ta riƙe hannuna har bakin titi tana magana da yarensu, ina amsawa da Hausa.

Lungunmu mota ba ta shiga, a bakin titi take tsayawa. 'Yan unguwa sun taru, har an tanadi kujerar da za a ɗauki Baba, ya ce a mayar. Labari ya riga mu isowa cewa an kai shi inda ake mai da tsoho yaro, wani maƙwabcinmu ya ɗaga murya yana tsokana, wai Alhaji ina yarintar da aka ce an sayo. Baba ya dafa kafaɗar Baffa ya sauke ƙafar dama a ƙasa, sannan ta hagu.

"Tsoho na tafi, tsoho na dawo," ya ce. "Ku dai ba ni hanya, da ƙafata zan shiga gida."